Na Ba Mai Baki Littafi, Na Ba Mai Shiru Mudu

Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi wani kuskure da na yi da hannuna, ko Allah zai sa wata uwar ta tsira daga irinsa. Lokacin da abin ya faro ni malamar firamare ce a Batsari, na shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma a ganina babu yaron da zai yi sati guda a gabana ban karanci halinsa ba. Iyaye kan zo har gida su tambaye ni abin da ya dace da 'ya'yansu, ni kuwa in yanke musu hukunci ba tare da na ko numfasa ba. Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne, yana da rumfa a kasuwa, manoman Karare da na Runka duk sun san shi. Allah ya yi masa rasuwa bayan gajeruwar jinya, ya bar ni da 'ya'ya biyar. Manyan biyu maza ne, shekara biyu ce tsakaninsu.

Babban shi ne ɗan farina. Tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa ƙauyen Zakka, a can ya tashi, sai da zai shiga sakandare ya dawo hannunmu. Ka dai san al'adarmu da ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na zaman hira da shi, in ina da saƙo sai in ba ƙannensa su kai masa, ko in yi maganar ina kallon wani wuri. Shi kuma Allah ya yi shi mai shiru, daga gaisuwar safe sai ta yamma. Ƙanensa kuwa bakinsa ba ya hutawa. In gardama ta tashi a ƙofar gida ba ya shigowa sai ya kayar da kowa, ya kuma taɓa wakiltar makarantarsu a gasar muhawara har Katsina. Tun yana ƙarami mutanen unguwa suke ce masa lauya, ni ma har na saba da jin haka a raina.

Saboda babban ya makara da shiga boko a ƙauye, shekara ɗaya suka gama sakandare, shekarar da mahaifinsu ya rasu. Bayan na fita takaba baffansu ya zo ya ce bai kamata a rufe rumfar marigayi ba, dole ɗaya daga cikin yaran ya riƙe ta, ga shi kuma albashina ba zai ɗauki mutum biyu a jami'a ba. Ya ba da shawarar a kira su a ji ta bakinsu. Na ce ba sai an kira kowa ba, ni na haife su, kuma sanin halin yara shi ne aikina. Mai baki zai karanta shari'a, don lauya da bakinsa yake ci. Mai shiru kuma zai zauna rumfa, tunda yana da haƙuri, ba zai yi faɗa da mai saye ba. Baffan ya tuna mini cewa sakamakon babban ya fi kyau nesa ba kusa ba. Na ce masa jarrabawa daban, tsayuwa gaban alƙali daban. Shi na aika ya gaya wa babban. Da ya dawo ya ce mini yaron ya amsa da "to", bai ƙara komai ba. Na ɗauki wannan a matsayin yarda.

Ciniki a rumfa ya fara ja da baya tun a shekarar farko. Yaron ba ya iya kiran mai saye, ba ya iya ja-in-ja a kan farashi, in dillali ya ɗaga masa murya sai ya sallama. Manoman da suka saba da raha da barkwancin mahaifinsa suka riƙa wuce shi da buhunan geronsu da dawarsu zuwa rumfunan maƙwabta. Ana kawo mini labarin cewa kullum kansa na cikin littafi, wai har mutum ya yi sallama sau biyu kafin ya ɗago. Ana kuma gaya mini cewa 'yan kasuwa kan taru a wurinsa ya rubuta musu takardar jinginar gona ko ta hayar shago, kuma in an sami saɓani a kan awo shi ake kira, ya saurari kowa har ƙarshe sannan ya faɗi kalma biyu a watse. Ni duk wannan ɓata lokaci na ɗauke shi. Na aika ƙanwarsa ta gaya masa ba hukunci aka aje shi ya yi ba, hatsi aka ce ya sayar.

Ƙanen kuwa, in ya zo hutu da farar riga da baƙin wando irin na ɗaliban shari'a, sai in ji kaina ya yi girma. Maƙwabta su shigo gaishe shi, ya cika musu kunne da Turanci. Ban taɓa neman ganin takardar sakamakonsa ba, ni da nake duba na 'ya'yan wasu da jan biro.

A shekara ta biyar, wadda nake ƙirga ita ce ta gamawarsa, aka kira mu tantancewar malamai a Katsina. Da muka gama da wuri sai na biya kasuwa in saya wa autata takalmin makaranta. Ina cikin layin masu takalma na ji wata murya tana yi wa wata mata kirarin kaya, matar tana dariya tana ƙara ɗauka. Ko cikin barci na san muryar nan. Na matsa, sai ga ɗana a tsakiyar shago, takalmi a kowane hannu. Da ya gan ni sai da ya gama sallamar matar, sannan ya durƙusa.

A cikin shagon ya gaya mini komai. Ashe shekara biyu ke nan da jami'a ta sallame shi saboda faɗuwa jarrabawa. Ya ce karatun shari'a ba gardama ba ce kamar yadda muka zata, zama ne na awa da awanni kana bin shari'un da aka yanke tun ba a haife ka ba, kana lura da kalma ɗaya-ɗaya. Ya ce in ya buɗe littafin ji yake kamar an ɗaure shi a turke. Tun a shekarar farko ya fara sayar wa ɗalibai takalma da huluna, a nan ne kawai yake jin shi mutum ne. Na tambaye shi yadda aka yi ya kai aji uku. Ya sunkuyar da kai ya ce Yaya ne. Duk littattafan da yake dawowa da su hutu a rumfa yake barin su, yayan ya karance su, ya riƙa yi masa bayani ta waya, har da rubuta masa aikin da ake ba su su yi a gida. Ɗakin jarrabawa ne kawai ba ya iya shigar masa.

Na koma Batsari. Ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci na aika a kira mini babban, na ce ya shigo ɗaki ya zauna. Ya tsaya a bakin ƙofa yana waige, don bai taɓa jin haka daga gare ni ba. Na tambaye shi, ido da ido, abin da ya so ya zama. Ya ce shari'a, har ya sayi fom ɗin neman shiga jami'a da kuɗin gyaɗar da ya noma a Zakka, kwana uku kafin baffa ya kawo masa saƙona. Na ce don me bai faɗa ba? Ya ce, "Inna, ban san ta inda ake fara yi miki magana ba." Bai faɗe ta da fushi ba, kuma da ya yi fushin da ya fi mini sauƙi.

Mun gyara abin da zai gyaru. Ƙanen ya dawo ya karɓi rumfar, cikin kaka biyu manoman da suka gudu suka dawo, har sai na riƙa roƙonsa ya rage bin hanyar Runka saboda halin da ake ciki na tsaro. Babban kuwa lokacin ya riga ya yi aure, yana da 'ya, ba zai iya barin iyali ya tafi jami'a shekara biyar ba. Difloma ya samu yana yi a ƙarshen mako, yanzu yana taimaka wa wani lauya da shirya takardu a Katsina. Lauyan da kansa ya gaya wa baffansu cewa bai taɓa aiki da mai natsuwarsa ba. Ko zai kai ga sa baƙar rigar nan ta lauyoyi watarana, Allah kaɗai ya sani.

Abin da na koya shi ne, halin da ake gani a tsakar gida ba shi ne dukan halin yaro ba, kuma yawancinmu ba mu san ainihin abin da sana'ar da muke tura 'ya'yanmu take buƙata ba. Na ɗauka shari'a baki ce, ashe haƙurin karatu da saurare ce. Na ɗauka kasuwa zama ce, ashe jama'a ce. Iyaye, kafin ku raba wa yara hanya ku je ku tambayi masu yin aikin, sannan ku zaunar da yaran ku ji daga bakinsu, ba ta bakin ɗan aike ba. 'Yan'uwana mata kuma, kunyar ɗan fari ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma kada ta kai har ki rasa sanin wanda kika haifa.

Kwanan baya ya zo gaishe ni, na nemi ya yafe mini. Ya ce babu abin yafewa, Allah ne bai nufa ba a lokacin. Na san gaskiya ya faɗa. Amma na kuma san ta hannun wadda abin ya biyo.