Abin da Ban Faɗa wa Kawu Ba

Ƙaramar kwamfutata ta tsufa, har nakan dafa shayi kafin ta gama buɗewa. Ran kasuwar Talata Mafara na kai ta shagon kawuna, mai gyaran waya da kwamfuta.

Ya ce tsarin da ke gudanar da ita ya fi ƙarfinta. Akwai wani na kyauta, mara nauyi, wanda masana daga ko'ina suka haɗa hannu suka gina, amma sai an goge komai kafin a ɗora shi.

“Ɗiyata, da abin da kike so in kwashe miki?”

Akwai. Hotunan da muka ɗauka da saurayina a bakin dam ɗin Bakolori, da wasiƙun da ya rubuto mini kafin zazzaɓi ya ɗauke shi. Amma yaya zan bar Kawu ya buɗe, ya karanta “hasken idona” da idonsa? Na sunkuyar da kai.

“Babu komai, Kawu.”

Ya yi bisimilla ya danna.

Sabon tsarin yana da sauri, gaskiya. Sai dai komai ya sauya wuri, kamar na kwana a gidan baƙi. Mako uku ina laluben hanya, duk inda na buɗe sai in duba ko hoto ɗaya ya tsira. Yanzu babu lungun da ban sani ba a cikinsa. Fuskar saurayina kuwa ta fara dusashewa, na kasa tuna gefen da wushiryarsa ta karkata.