Bidon Da Na Ɗauka A Tsakiyar Teku

Assalamu alaikum. Ba zan faɗi sunana ba, kuma ba tausayi na zo nema ba. Na gaji ne da ɗaukar maganar nan ni kaɗai.

Lokacin ina da shekara goma sha tara, a wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe. Na yi kwalej a Mayahi, na faɗi jarrabawar fita sau biyu, na dawo gida ina jin haushin kowa. Ni mutum ce marar haƙuri, in aka ce mini jira sai in ji kamar an zage ni. Gwaggonmu da ke sayar da abinci a Gabon ta aiko tana neman mai taya ta aiki, na ce ni ce. Inna ta ce ba za ta saki budurwa ita kaɗai a hanya ba. Shi ne na tasa yayata a gaba, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya ƴar shekara uku. Ta gaya mini tsoron ruwa take ji, ko rijiya ba ta son leƙawa. Na ce to ta zauna ta tsufa a gindin turmi. Wata biyu ina yi mata mita har ta gaji ta yarda, ta bar ɗiyar wajen Inna.

Kwana biyar muka yi a mota kafin mu kai bakin teku, can kudancin Najeriya. Jirgin ruwan da muka shiga na katako ne, dogo, da inji a baya, da wani tamfal da suke ɗagawa a jikin sanda in iska ta taso don kada injin ya shanye isansi, wato fetur. An cusa mu kamar buhunan wake, kuma da yawa mutanen wajenmu ne. Masu jirgin sun hana kunna wuta. Amma akwai wani tsoho mutumin Tasawa da ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa kwana biyu ba shayi ba. Rana ta uku, bayan azahar, ya zaro ɗan murhunsa na waya daga buhu, ya ɓoye tsakanin ƙafafunsa, ya hura gawayi. Ba wanda ya tona shi, kowa na sa ran kofi zai zo kansa. Yayata ma, da ta yi kwana biyu tana amai, ta ce ko kurɓi ɗaya ta samu zai gyara mata baki.

Igiyar ruwa ta bugi jirgin, murhun ya kife, garwashi ya watse kan tabarma da ƙullin kayan mutane. Wuta ce ƙarama, wallahi jiƙaƙƙen zane ya isa ya kashe ta. Mutane suna salati suna ja da baya, ni kuwa ba na iya kallon mutane sun tsaya suna kallo. Na waiga na ga bido, jarkokin nan masu ruwan ɗorawa, jere a ƙarƙashin benci. Tun ina ƙarama irinsu nake ɗora wa jaki in tafi rijiya, a wajenmu in ka ga wannan bido ka ga ruwa. Ga teku ta kowane gefe, hannu kawai zan miƙa, amma raina bai ba ni cewa wannan ma ruwa ne na kashe wuta ba. Warin isansi kuwa ya cika jirgin tun ranar farko, hanci ya riga ya saba. Na ciro ɗaya na murɗe murfin. Na ji yayata ta ce, "Auta, tsaya." Ban tsaya ba, na sheƙa. Ashe isansi ne a ciki.

Abin da ya biyo baya ba na tuna shi a jere. Tamfal ya kama, sauran bidon suka soma fashewa. Mutanen da ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba suna faɗawa teku. Yayata ta ƙi. Ina cikin ruwa riƙe da wani katako, fatar hannuna ta saɓule, ina yi mata ihu ta diro, tana kallona tana girgiza kai. Masunta ne suka tsince mu wajen la'asar. Ba su tsince ta ba, haka tsohon. Ban san mutum nawa suka tafi ba, don ba wanda ya rubuta sunayenmu da za mu shiga.

Na yi wata biyu a asibiti, aka maido mu gida. Kowa ya ɗora wa tsohon laifi, na yi shiru na bar shi da shi, tunda matacce ba ya musu. Inna ta ce kwana ne ya ƙare. Shekara uku ina cin tuwo kwano ɗaya da ita da wannan magana a bakina. Bana, muna sussukar gero, na gaya mata duka, ba ragi. Ta ci gaba da sussukarta. Can ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Ni na yafe miki. Amma ran da yarinyar nan ta tambaya, ke za ki gaya mata, ba ni ba."

Ba zan ce kada kowa ya fita nema ba, na san abin da ke korar mutum daga gida in damina ta ƙi. Abin da zan ce, in mutum ya gaya miki tsoro yake ji, ki ƙyale shi, kada ki ja shi da baki zuwa inda ke ma ba ki sani ba. In kuma kin samu kanki a wurin da ba naki ba, ki riƙe hannunki, ki tambaya kafin ki taɓa abin da kike ganin kin sani. Ni na ɗauka saurina wayo ne, don na shiga lakwal na yi boko, su ba su shiga ba.

Ɗiyar ta kai shekara bakwai, ni ke yi mata kitso. Makon jiya, kanta na bisa cinyata, ta tambaye ni don me kowane maraya ke da kabarin uwa da ake nuna mishi ban da ita. Na ce ta daina motsi kada tsagar ta karkace.