Mai Riƙe Gefen Hagu

Musun farko da ƙanina ya sha kaye a bainar jama'a a kan ɗaurin ƙofa aka yi shi, kuma ina tsaye a bakin layi da bokitin ruwa a kai, don haka kada wani ya ce ƙarin gishiri nake yi.

Lokacin yana saurayi, gemunsa bai gama shawarar fitowa ba, sabon shiga aikin walda. An kawo ƙofar gareji irin wadda ake turawa sama ta naɗe kamar tabarma. A naɗe take zuwa, an ɗaure ta tamau da zirin ƙarfe, nauyi kamar mushen raƙumi. Aikinsu su ɗaga naɗin su ɗora bakinsa biyu a kan wasu ƙarafa da suka kafa a saman bango, waɗanda suke kira kunnuwa. Shi a dama, abokin aikinsa Bahago a hagu.

"A yanke ɗaurin nan tun a ƙasa," in ji ƙanina. "In mun hau sama wa zai tsaya neman almakashi?"

"Ba a yankewa sai ta zauna a kunnuwa," in ji Bahago.

"In ji wa?"

"Yanke ka gani. Ita za ta gaya maka."

"Kai dai tsoro ne zai kashe ka. Kaza ta yi tari sai ka nemi hanyar gida."

Bahago ya ja da baya, ya hau kan dakali, ya harɗe hannu.

Gwanin naku ya yanke. Garejin kuwa a kan gangare yake. Ƙofa ta yi wata ƙara kamar aradu, ta warware, ta biyo shi. Ya kwasa da gudu yana kiran sunan Innarmu, bakin ƙarfe ya cafke ƙafar wando, wando ya tsaya, mai wando ya wuce. Ni dai ruwana a ƙasa ya ƙare. Daga ranar sunansa ya koma Warwara. Har Inna, Allah ya jiƙanta, in ta manta sai ka ji ta ce a kira mata Warwara ya zo ya ci abinci.

Abin da zan yaba masa, kuma ba na yawan yabo, kayen nan bai sa ya riƙe Bahago a zuci ba. Manne masa ma ya yi. Suka kama ɗan shago a bayan tashar mota, rufin kwano, benci ɗaya mai gurguwar ƙafa, rediyon da sai an mare shi yake magana. Suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, suka yi furfura, duk a ƙarƙashin ƙofofin mutane.

Na sha tsayawa kallon aikinsu, don ni Allah bai hore mini wuce abin kallo ba. Ba sa ɗagawa gaba ɗaya. Sai su mirgina naɗin zuwa bakin gareji, su ɗora shi kan durom biyu, su huta. Su gitta katakai, su ƙara ɗagawa, su huta. Sannan kowa ya naɗa tsumma a kafaɗa, ya shiga ƙarƙashin nasa gefen, ya fara hawa tsani. A nan abin yake. Naɗin dogo ne, kuncin kowa a manne da ƙarfe, ba mai ganin ɗan'uwansa. In gefe ɗaya ya riga ɗaya tashi ko da taƙi guda ne, nauyin duka zai gangaro kan na ƙasa. Su kuwa ba ihu, ba ƙidaya. Bahago ya yi gyaran murya, Warwara ya ce bismillah, sai ka ga ƙofa tana tafiya sama a miƙe kamar ana jan ta da igiya daga gajimare. A kan komai suna musu, ƙwallo, siyasa, wa ya ɓatar da sifana. Amma da zarar ƙarfe ya hau kafaɗa, sai ka ce uwa ɗaya ta haife su.

Sai idon Bahago ya fara dushewa. Da farko yana ɓoyewa, har ranar da ya gaida durom da "ina kwana, Alhaji". Asibiti suka ce sai haƙuri. Babban ɗan Warwara, wanda a lokacin shi ke karɓo musu ayyuka, ya ce a sallami tsohon ya je ya huta. Ba mugunta ba ce, tsoron ranar da ƙofa za ta faɗo kan ubansa yake yi. Matar Warwara ta goyi bayan ɗanta. Bahago kuwa ya ji ƙishin-ƙishin, kullum ya zo shago da sassafe ya zauna a ƙarshen benci, hula a gwiwa, yana jiran a faɗa masa.

Ana cikin haka aka samu aikin wata ƙatuwar ƙofa a garejin manyan motoci. Ɗan ya zo da wani ɗan dako, ƙato, wuya kamar turmi, ya ce shi zai riƙe hagu. Warwara bai yi musu ba, abin da ban saba gani ba. Aka bar Bahago a inuwa kusa da ni, wai ya kula da jakar kayan aiki.

Daga ƙasa zuwa durom lafiya lau. Da aka zo tsani, ƙaton ya ga dama ta samu ya nuna abin da yake ci. Ya sungumi gefensa ya haura taki biyu a tare. Na ga gwiwar ƙanina ta lanƙwashe, jijiyar wuyansa ta fito kamar igiyar guga.

"Sauke! Sauke, ɗan nan, za ka binne ni da raina!"

Da ƙyar aka mayar da ita kan katako. Warwara ya zauna a ƙasa yana haki. Can ya ɗago, bai dubi ɗansa ba.

"Bahago, ka gama gadin jakar?"

"Ai ba ta gudu ba."

"To taso."

Ya kamo hannunsa ya kai shi gindin tsani, ya hau da shi, ya ɗora tafinsa a kan kunnen hagu. Bahago ya shafa ƙarfen, ya taɓa notunan, ya sauko yana lalubar kowane taki da ƙafa. Ya naɗa tsummansa. Ɗan ya buɗe baki, na ce, "Kai, rufe, ƙuda na wucewa."

Gyaran murya. Bismillah. Ƙofa ta tashi a hankali, taki ɗaya, hutu, taki ɗaya, har ta zauna a kunnuwanta da wata 'yar ƙara mai daɗin ji. Bahago ya sauko yana murmushi, yana kallon inda ba kowa.

Yau duk su biyun suna ƙasa, Allah ya yi musu rahama, shagon kuma ya koma wurin cajin waya. Tare suka ci gaba da aiki har ƙarfinsu ya ƙare a tare. Da safe in 'yan kasuwa suna buɗe shaguna, daga kan gadona nake gane ƙofofin da su biyun suka ɗora. Na yanzu kuka suke kamar akuyar da aka taka.

Amma a ranar ƙatuwar ƙofar nan ba a gama ba sai da aka koma gida. Da la'asar muna tsakar gida, ana shafa wa Warwara man zafi a kafaɗa, ɗan ya sake tayar da maganar.

"Baba, yau Allah ne ya kiyaye. Mutum ba ya gani fa!"

"Gaya masa dai," in ji uwar. "Ni na gaji."

Ɗan ya juyo gare ni. "Gwaggo, ke ma ki sa baki mana."

Ni kuma da ba a gayyatata sau biyu, na ce wa ƙanina, "Auta, gaskiya yaron nan ya fi ka hankali, ko da yake wannan ba wani abin alfahari ba ne. Aikin sama ai sai da ido."

Warwara ya juyo da ƙyar, yana yatsine fuska saboda raɗaɗin man.

"Yaya, tun muna samari nake shiga ƙarƙashin ƙarfe da mutumin nan, ban taɓa ganinsa ba, bai taɓa ganina ba. A kafaɗata nake jin numfashinsa. In da ido ake ɗaga ƙofa, ai da tuni ke na ɗauka aiki, don ba gidan da naki bai leƙa ba a layin nan."