Kujerar Baba Kwamiti

Kafinta ne, amma ba mai kiransa Kafinta sai matarsa, ita ma sai ya ɓata mata rai. Kowa Baba Kwamiti yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ya shiga kwamitin kula da firamaren unguwarsu tun ɗansa na fari yana aji ɗaya, lokacin ajujuwan ko ƙofa ba su da ita. Shugabannin makaranta sun zo sun tafi, wasu sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, shi yana nan a kujerarsa ta kusa da taga.

Ba mai yawan magana ba ne a taro. In ana gardama a kan bencin da ya karye, sai ya yi shiru, washegari a gan shi da guduma, aljihu cike da ƙusa. Da safe yakan tsaya bakin titi ya tare motoci har yara su tsallaka. Direbobi sun zage shi har suka gaji, suka koma gaishe shi. In yaro ya daina zuwa makaranta kuwa, ba ya aiken kowa. Yakan je ƙofar gidansu ya zauna, ya yi ta ba uban labarin tsadar katako, yau da gobe, har mutumin ya ce, "Baba, gobe zai koma. Don Allah ka bar ni in yi aikina."

Kwamitin yana da ƙa'ida guda: ba mai zama a cikinsa sai wanda ɗansa ko jikansa ke karatu a makarantar. Shi ya dage aka kafa ta, saboda masu son kujera alhali nasu 'ya'yan suna makarantar kuɗi. Ƙa'idar ba ta taɓa damunsa ba, don 'ya'yansa na gamawa jikoki suka shiga. Matarsa takan ce wa yaran, "Ku yi ta haihuwa, kada a kori ubanku."

Sai ta rasu. 'Ya'yan suka watsu garuruwa neman abinci. Wadda ta rage kusa ita ce autarsa, da ke aure a bayan layinsu, da 'yarta guda mai aji uku. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinyar, don haka Uwata yake ce mata, ita kuma ta ce masa Tsoho.

Wata rana yana goge katako a shago, Auta ta shigo ta tsaya jikin ƙofa.

"Baba, an yi wa maigidan canjin wurin aiki. Ƙarshen wata za mu tashi."

Bai ɗago ba. "Har da Uwata?"

"To Baba, ina zan bar ta?"

"A nan. Ba a cire yaro ana tsakiyar karatu. Ki bari shekara ta ƙare."

Bai ambaci kujera ba, ita ma ba ta ambata ba, amma kowannensu ya san in yarinyar ta tafi, zamansa a kwamiti ya ƙare. Auta ba ta taɓa yi masa musu ba, ba ta kuma fara ranar ba. Ta tafi ta bar masa 'yarta da jakar kayanta.

Da farko abin kamar wasa. Ya haɗa mata shayi, ta kurɓa ta yamutsa fuska. "Tsoho, wannan shayi ne ko ruwan wanke kofi?" Ya ce ta sha haka, uwarta ma da shi ta girma. Maƙwabciya ce ke yi mata kitso, shi kuma ya wanke mata kayan makaranta ya shanya, su fita tare da safe yana riƙe da hannunta.

A hankali tsokanar ta ragu. Abinci sai ta ci rabi ta ture. Malamar ajinsu ta tare shi ta ce yarinyar ba ta fita wasa in an tashi hutun tara, sai ta tsaya jikin shinge tana kallon titi. Ya ce za ta saba. Haka yake gaya wa kansa kowace safiya.

Ran nan da la'asar ya neme ta a tsakar gida bai gan ta ba. Ya same ta a shago, bayan tarin katako, ta dunƙule wani tsohon ɗankwalin uwarta ta danna a hanci.

"Uwata, me kike yi a nan cikin ƙura?"

Ba kuka take yi ba. Ta dube shi ta ce, "Ƙamshinsa ya kusa ƙarewa."

Ya nemi wuri ya zauna.  Sannan ya ce, "Tashi ki haɗa jakarki."

Da kansa ya kai ta, tafiyar yini guda a mota. Auta na ganinsu ta durƙusa ta rungume 'yarta, sai can ta ɗago.

"Baba, kwamitin fa?"

"Ki sa ta makaranta gobe. Kada ki bari ta yi fashi." Iyakar amsar da ya ba ta ke nan.

A taro na gaba, kafin a fara, ya miƙe ya ce ba shi da sauran yaro a makarantar, don haka ya zo yi musu sallama. 

Shugabar makarantar ta ce, "Baba, wa zai tambaya? Mu bar maganar a ɗakin nan."

Mai kantin magani, wanda shi ma ɗan kwamiti ne, ya ce, "Ko ka ɗauki ɗaya cikin yarana. In kana so ma in haɗa maka da ƙaninsa, na huta."

Aka yi dariya kaɗan, shi ma ya murmusa. Ya ce, "Ranar da na tashi wasu da ƙa'idar nan, ban ce wa zai tambaya ba." Ya bi su ɗaya ɗaya ya ba su hannu, ya nemi gafara, ya fita.

Yana saukowa daga baranda ya ji sun shiga maganar famfon da ke yoyo. Ya ɗan dakata, sannan ya ci gaba da tafiya.

Maigadi ya taso ya buɗe masa ƙofa. "Baba, har an tashi?"

"A'a, suna ciki."

Ya bi gefen titi a hankali. Da ya iso wurin mai burodi, mutumin ya miƙo masa babba, irin wanda ya saba saya musu shi da Uwata. Ya girgiza kai, ya ce a ba shi ƙarami.