Furar da Ta Cinye Mana Iri

A shekarun farin nan na farkon saba'in ni saurayi ne da ya gama lakkwal, wato makarantar boko, a Madawa, ina ɗaukar muryoyin manoma a rikoda ana sawa a rediyo. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasa tun samun 'yanci. A cikinta muka buɗe ido, kuma ni ne shugaban samarinta a ƙauyenmu, kusa da Karofane. Ina sonta da gaske.

Sai labari ya zo cewa dipite, ɗan majalisarmu, zai zagayo da tawaga su ga inda yunwa ta fi tsanani, don a san garuruwan da za a fara kai wa dawar agaji. Ban taɓa ganin gari ya motsa haka ba. Mutanen da suka yi watanni suna cin ganyen jiga suka fito sharar hanya. Mata suka ciro zannuwa masu hoton shugaban ƙasa, makaɗa suka ɗaure ganguna, ni kuwa ina kai da kawowa, ina koya wa jama'a inda za su tafa.

Matsalar ita ce tarba. A yankinmu na Adar ba a tarar baƙo da ruwa tsura, balle babban baƙo, kuma dattawa suka ce garin da ya kasa dama fura zai zama abin ba'a a kasuwar Buza. Hatsin da ya rage shi ne irin shuka, wanda gidaje da dama suka ajiye a rumbun gwaggona, domin an san ba ta sakin hannu. Ni aka tura mata. Ta dube ni ta ce, “Ɗana, wanga iri ne. In an daka shi, mi za mu sa ƙasa?” Na yi dariya, na ce idan kamiyon jam'iyya ya iso da lodin dawa, ita da kanta za ta rasa wurin zubawa. Ta ce lakkwal ta mai da ni rediyo, ina magana ba na jin amsa, sannan ta buɗe rumbun.

Ranar zuwansu gari ya cika da guɗa. Ƙorai jere, fura ta ji nono. Dipite ya sha ya goge baki, ya karɓi makirfo ɗina ya ce garin nan ya kwantar masa da hankali, domin masu dama irin wannan fura yunwa ba ta kai gare su ba. Muka tafa, daidai inda na koya mana.

Dawar ta wuce zuwa garin gaba, inda dipite ya tarar da mutane zaune da ƙorai wayam. Ba a jima ba soja suka karɓi mulki, jam'iyya ta rushe, muka rasa ko wanda za mu kai wa kuka. Damina ta sauka da kyau, gonakinmu babu abin shukawa sai ɗan abin da muka roƙo. Maza suka tafi bida, neman abin rufin asiri a wasu ƙasashe, har da 'ya'yan gwaggo biyu, ɗaya bai dawo ba.

Ba na ɗora wa dipite laifin duka. Abin da muka nuna masa ya gani. Shekarun jam'iyya ɗaya sun koya mana cewa babba tafi ake yi masa, ba a gaya masa. Masu tarbar manya a yau, ku bar su su ga rumbu yadda yake. Gwaggo ba ta taɓa yi mini gori ba, amma har ta rasu ba ta sake dama mini fura ba.