Ƙwallon da Mati Ya Kawo daga Jos

An haifi Mati ɗan Malam Usmanu a wani ƙauye da ke gabas da Zakirai, a ƙasar da ba ta da daji, inda gona take jingine da gona, iyakar kowa kuwa layin gamba ne ko wata tsohuwar ɗorawa. Shi ne auta a ɗakinsu, wansa Abdussalam ya ba shi shekaru masu yawa. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, sai kowannensu ya tashi da abin da ba zai ci da gida daga kaka zuwa kaka ba. Wannan ne ya sa tun Mati yana saurayi ya zama ɗan cin rani: da an shigar da amfani rumbu sai ya rataya jaka ya nufi Jos, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa.

Mutum ne ƙaƙƙarfa, mai kyauta, mai daɗin baki. Aibinsa guda ne: ba ya son a san ƙanƙantar aikin da yake ci da shi. A Jos wata makarantar 'ya'yan baƙi ce ta ɗauke shi, aikinsa kuma shi ne yankan ciyawar filin wasa da jan tiyo yana ba ta ruwa safe da yamma. A shekarun nan da fari ya biyo bayan fari, rijiyoyin garinsu suka ja baya, mutane suka koma tuwon dusa da tafasa, Mati ya ga ba zai iya buɗe baki ya ce ciyawa yake shayarwa ba. Don haka idan an tambaye shi sai ya ce shi ne mai kula da 'yan wasa.

A shekarar da abin ya faru ya dawo da wuri, domin makarantar ta rage ma'aikata. A cikin jakarsa akwai wani tsohon ƙwallo da aka jefar, dogo mai siffar ƙwai, irin na wasan da rediyo ke kira zari-ruga.

Wata ranar kasuwa bayan la'asar aka taru a rumfar Sule mai gyaran keke, wanda shi ne shugaban samarin da ke buga tamaula. Gardama ta tashi a kan wane wasa ne ya fi cin jiki. Sule ya naɗe wando ya miƙo ƙafa.

"Ku dubi ƙwaurin nan," in ji shi. "Duk tabon da kuka gani, ƙato ne ya sa hannu a wurin, da ƙafarsa. Ba takalmi, ba alƙali. Wanda bai buga tamaula a kan fako ba, bai san wuya ba."

"Rufe ƙwaurinka, Sule," in ji Mati, "kada awaki su zaci rogo ne."

Aka bushe da dariya. Wani dattijo ya ce ai duk a bayan dambe suke. Mati ya girgiza kai.

"Baba, a dambe mutum ɗaya ne ke dukanka, kana kallonsa yana kallonka, idan ka faɗi an gama. A wasan da nake gaya muku, rungumar ƙwallon kake yi ka zura a guje, ƙarti kamar bijimai su biyo ka. Na farko ya kwashe maka ƙafafu, sauran su zubo a kanka kamar ana jibge dammuna. Ka tashi, ka kakkaɓe jiki, a sake. Ita tamaula, da an taɓa mutum sai ya kwanta yana birgima yana kiran innarsa."

"To, Bature," in ji Sule, "kawo ƙwan naka mu gani. Ni zan liƙe shi in ba shi iska, kyauta."

A gefen rumfar akwai Muntaka, ɗan Abdussalam na fari, saurayi dogo wanda ya fara tara gemu. Tun da kurkunu ya ci gwiwar mahaifinsa har ta sandare, garmar gidansu a hannunsa take, ƙannensa kuwa mata ne da ƙanana. Duk duniya ba shi da gwani kamar Mati.

"Baffa," in ji shi, "kai ma ka buga?"

Mati bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya shafa gemu, ya yi murmushi, ya bar yaron ya ɗauka yadda ya so.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka hallara a fakon da ke bayan kasuwa, domin babu wani fili a garin wanda ba gonar wani ba. Mati ya raba samari gida biyu, ya zayyana musu dokoki gwargwadon abin da ya hango daga bakin fili, inda ya manta kuma ya ƙago. Kafin a fara ya buga dunduniyarsa a ƙasa. Ta amsa masa kamar daɓen soro. Babu wanda ya kai shi sanin ma'anar wannan a duk taron, domin shi ne yake jiƙa filin Jos har sai yatsa ya nutse a cikinsa, kuma ya sha ganin an ɗage wasa idan ƙasa ta yi tauri. Ya san kuma abin da yaran can suke ci kafin su fito. Waɗannan da ke gabansa kunu tsararo suka sha tun safe, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu. Maganar ta zo masa har bakin harshe. Sai ya ɗaga kai ya ga Sule ya harɗe hannuwa yana jiran ya ji an ce a fasa. Mati ya haɗiye ta, ya jefa ƙwallon sama.

Ba a daɗe ba. Muntaka ya cafe, ya rungume, ya keta tsakiyar mutane yana waiwayen baffansa don ya tabbata yana kallo. Wani ya kwashe shi ta ƙafa, ya sauka a kan kafaɗarsa ta dama, sauran suka zubo masa yadda aka koya musu. Da aka ɗaɗɗaga su, Muntaka bai tashi ba. Bai yi kuka ba, ya dai dafe hannun, fuskarsa ta yi fari, yana cewa, "Baffa, ban saki ba. Ka ga ban saki ba."

Mati ne ya goya shi a keken Sule zuwa wurin maɗori. Maɗorin ya lalubi kafaɗar, ya ce ƙashin ya karye a mummunan wuri, ya ɗaure da karare, ya ce kada hannun ya ɗaga ko ludayi sai bayan damina. Duk wanda ke wurin ya san abin da ake nufi: gonar Abdussalam ba ta da manomi, rumbunsa kuma tuni aka share gindinsa.

Babu wanda ya zagi Mati. Mutane suka ce tsautsayi ne, Sule ma ya zo dubiya da ƙullin ƙuli-ƙuli yana sunkuyar da kai. Abin da ya fi zagi ciwo daga Asama'u ya fito, matar Abdussalam. Tun da aka kawo ta gidan take tsokanar Mati irin wasan matar wa da ƙanin miji, tana kiransa mijin rani, wanda ba a gani sai an ji tsawa. Daga ranar nan ta daina. Idan ya yi sallama sai ta gyara mayafi, ta rusuna, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam Mati," ta ajiye masa ruwa ta shige ɗaki. Ya gwammace da ta jefe shi da muciya.

Ruwan shuka ya yi jinkiri, da ya zo kuma sau ɗaya ya zuba sosai. A irin waɗannan shekaru kowa ya san laimar ba ta jiran mutum: wanda bai binne iri ba kafin ƙasa ta sha iska, ya yi ta zuba ido. Gayya ba ta kiruwa, domin kowa yana tsaye a kan tasa, kuma babu mai abin da zai ciyar da 'yan gayya. Da gari ya waye Mati ya saɓa sungumi, ya wuce bakin gonarsa bai ko dube ta ba, ya shiga ta wansa. Yana sara, 'yan matan gidan suna bin sa da ƙwarya suna jefa gero suna takewa. Abdussalam ya dogara sanda ya zo ya zauna a gindin ɗorawa, ƙafarsa a miƙe.

Da rana ta take Mati ya zo shan ruwa. Wan ya miƙa masa gora, ya bari sai da ya sha, sannan ya daki ƙasa da sandarsa.

"Auta, su can a kan irin wannan suke faɗuwa?"

Mati ya daɗe yana kallon gorar.

"A kan ciyawa, Yaya. Mai laushi kamar katifa. Ni nake ba ta ruwa. Aikina ke nan, ba ni da wani. Ban taɓa riƙe ƙwallon nan ana wasa ba."

"Ka sani ke nan, ranar."

"Na sani."

Abdussalam ya dubi 'ya'yansa a tsakiyar gona. Mati ya so a ce wan ya ɗaga sandar ya buga masa, ko ya ce ya fita masa daga gona. Wan bai yi ko ɗaya ba.

"Kada ka gaya wa yaron," in ji shi a ƙarshe. "Yana kwance yana gaya wa masu dubiya cewa ya yi wasan da baffansa ke yi da Turawa, kuma bai saki ba. Abin da ya rage masa ke nan yanzu. Ka karɓe masa hannu, kada ka karɓe masa wannan. Tashi, rana tana yi."

Sai da ya gama ta wansa sannan ya koma tasa, a lokacin ƙasa ta riga ta bushe sama. Geronsa ya fito jefi-jefi, tsuntsaye da rana suka raba saura. Haka ya yi noman firi, wato na farko, da maimai, kullum ta Abdussalam ce farko. Da kaka ta yi, gonar wan ta ba da abin da zai kai su tsakiyar rani, tasa kuwa ko jaki bai wahala ba wajen kwasowa. Abdussalam ya sa aka ɗora dammuna a kai masa. Mati ya ce a mayar, aka sake kawowa, da saƙon cewa matar Mati da 'ya'yansa ba su karya kowa ba. Ya karɓa. Duk lomar da ya kai baki a ranin nan ya san daga inda ta fito.

Bai sake komawa Jos ba. Ya riƙa zuwa aikin lambu a madatsar ruwa ta Watari idan rani ya yi, inda zai iya dawowa da zarar an ga hadari. Bakinsa ma ya mutu. Rumfar Sule sai dai ya yi sallama ya wuce.

Da aka kwance ɗorin, kafaɗar Muntaka ta haɗe a karkace, hannun ba ya wuce ƙirji. Da damina ta zagayo, lokacin huɗa, Muntaka ya riga kowa zuwa gona da garmarsa. Mati ya iske shi ya tayar da 'yan kunyoyi karkatattu, gumi ya jiƙe shi. Ya sake kai sara, garmar ta kuɓuce ta faɗi a kwari. Ya tsaya yana dubanta, sannan ya yi dariyar ƙarfin hali.

"Bai gama warkewa ba ne, Baffa. Ka san irin wasanmu ba ya sakin mutum da wuri. Ka bar mini wannan gefen, gobe zan ƙarasa."

"To," in ji Mati, "gobe."

Ya sunkuya ya ɗauki garmar, ya gyara kunyar da ta karkace, ya ci gaba daga inda yaron ya tsaya. Muntaka ya koyi ɗinki daga baya, ya yi aure, ya buɗe shago a Zakirai. Gonar kuwa Mati ne ya noma ta, kafin tasa, kowace damina, har ƙarfinsa ya ƙare.