Fasfo Biyar a Ƙasan Akwatina

Ranar da maigidana ya kawo motar gida ba da ƙafarta ta zo ba, da igiya aka jawo ta a bayan wata a-kori-kura. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji muryarsa daga zaure.

"Malama, fito ki sa albarka."

Haka yake kirana, saboda koyarwa nake yi a wata firamare a nan Azare. Na yafa mayafi na fita. Mota ce ja, gajeriya, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa, irin wadda ake yi don gudu. Fitila ɗaya a fashe, kujerun duk ɓera ya ci.

"Malam, wannan ta yara ce ko tamu?"

Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce in ba shi shekara guda.

Sana'arsa gyaran janareto da injin ban ruwa, yana da shago a gefen kasuwa. Maƙwabcinsa wani dattijo ne mutumin kudu mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu. A wurinsa ya sami motar, kuma a bakinsa ya ji labarin hanyar. Dattijon ya ce da ƙuruciyarsa ya tuƙa ta daga Legas zuwa Kwatano, ya wuce Lome ya shiga Gana, teku a hannun hagu, itatuwan kwakwa a jere har inda ido ya tsaya. Maigidana yana da ƙanen uba da ya tafi fataucin goro Gana ya zauna can. Sai abu biyun suka haɗu a ransa: zai kai mu mu ga teku, mu gaida baffansa, a cikin motar da ya tayar da hannunsa.

Bai cika shekarar ba motar ta tashi. Kullum bayan la'asar yana ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai ake gani. 'Ya'yanmu uku, duk mata, suna zagaye da shi suna miƙa masa sifana. Babbar tana da shekara goma sha huɗu a lokacin, auta kuwa shida. Ya samo wata tsohuwar taswira ya manna a bangon falo, ya ja layi da jan biro daga Azare har bakin ruwa. Ta tsakiyar, mai son rubutu, ita ce sakatariya. Ta ware littafi guda tana rubuta inda za a kwana, inda za a tsaya salla, da abin da za a ɗauka: dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kunu, buta biyu. Sun koyi gaisuwa da Faransanci a waya, suna yi wa kakarsu tana korarsu da mafici.

Ni ma ina dariya tare da su, amma zuciyata ba ta ciki. Ran farko da ya kai ni gidan biki a motar, da zan fita sai da na dafa ƙasa, ɗankwalina ya maƙale a ƙofa ya tuɓe a gaban mata. Washegari a makaranta wata abokiyar aikina ta ce, "Ashe mijinki ya koma saurayi." Aka kwashe da dariya. Na yi kamar ban damu ba, alhali maganar ta zauna mini. Mahaifiyata kuma da ta ji zancen tafiyar sai ta kama haɓa.

"Da 'yan mata uku? A wannan zamani da hanya ba lafiya? Ke ce uwa, ke za ki hana."

Da aka fara ruwa Malam ya ce mu gwada motar zuwa Shira. Yaran suka cusu a baya, auta a kan cinyar yayyenta, gwiwoyinsu a haɓa. Da muka fita gari, titi ya miƙe, gero ya fara tasowa a gonaki, ya zuge murfin da ke saman motar ya taka ta. Iska ta cika mana baki, yaran suna ihu, ni kuma na ji wata dariya ta ƙwace mini wadda na manta ina da irinta. Muka zauna a gindin duwatsu, muka sayi nono wurin wata Bafulatana, suka yi ta hira da shi da Fulatanci. A hanyar dawowa ya dube ni.

"Yaya kika gani, Malama?"

"Bayana ciwo yake," na ce.

Gaskiya ne, bayana ya yi ciwo. Amma wannan yinin yana cikin mafi daɗin da na yi a aurena, kuma ban faɗa masa ba.

Muka je Bauchi aka ɗauke mu hoton fasfo, mu biyar. Ƙanena yana aiki a can, shi aka bar wa bibiya. An tsayar da tafiya a makon farko na dogon hutu. Saura mako uku ƙanena ya zo Azare, ya tarar Malam ya tafi Misau gyaran inji. Ya miƙo mini ambulan.

"Yaya, ga su, duk sun fito."

Na buɗe na duba ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce masa, "Don Allah ka rufa mini asiri. In ya tambaye ka, ka ce ba a gama ba."

Ya yi ta kallona. Ya ce shi ba ya son shiga tsakanin mata da miji. Na ce hutun kawai nake so ya wuce, daga nan zan fito da su. Na ɗaga zannuwan da ke akwatina na tura ambulan can ƙasa.

Malam bai yi shakka ba, don kowa ya san takarda takan yi jinkiri. Sau biyu ya ce zai je Bauchi da kansa, na ce kada ya kunyata yaron, yana iya ƙoƙarinsa. Ya sa wa motar sababbin tayoyi, ya ɗaura mata ƙarfen ɗaukar kaya a baya. Yaran suka haɗa jakunkuna suka jera a bakin ƙofa. Mako ya wuce, wani ya bi. Auta takan tambaye ni kowace safiya, "Umma, yau sun fito?" Ina ɗaure mata kai ina ce mata ta yi addu'a. Da aka koma makaranta, da hannuna na kwance jakunkunan.

Na yi niyyar fito da su, Allah ya sani. Sai dai duk ranar da na ɗaga murfin akwatin sai in rasa ta inda zan fara. Ana haka aka rufe iyakokin ƙasa, bayan nan annoba ta zo kowa ya zauna gida. Na sami abin fakewa. Malam ya daina tambaya, ya ce komai da lokacinsa. Duk Juma'a dai yakan wanke motar, ya tayar da ita, ya zaga gari ya dawo.

A irin wannan zagayen ne ya goge wani keke napep da ke tsaye a gefen titi. Ba wanda ya ji ciwo, amma ya dawo gida jikinsa a sanyaye.

"Malama, wallahi ban gan shi ba. Ta gefe ba na ganin komai."

Muka je asibiti a nan, aka tura mu Kano. Likita ya ce ruwan idon ne ya hau ya cinye jijiyar gani, ba yanar ido ba ce da za a cire. Abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙe sauran da magani. Ya hana shi tuƙi. Cikin shekara biyu abin da ya rage ya zama kamar mai leƙe ta kafar ƙofa.

Motar ta zauna a ƙarƙashin rumfa. Babbar ta yi aure ta koma Jos, ta tsakiyar ta tafi jami'a. Wata rana na ce masa ƙanena ya iya tuƙi sosai, ko mu ɗauki babbar mota ya kai mu.

"A'a. Ni na so in kai ku."

Bara wani matashi daga Kano ya zo ya saye ta. Malam ya fita da sandarsa, ya sa aka tayar, ya kara kunne a jikinta, ya gaya wa mai sayen cewa giya ta biyu tana son a lallaɓa ta, kuma kada a bar motar da ƙishirwa a lokacin zafi. Ya tsaya a ƙofar gida har ƙararta ta ɓace, sannan ya shigo ya zauna a kan tabarma. Na kawo masa ruwa bai sha ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko ambulan, na durƙusa na sa a hannunsa.

"Mene ne wannan?"

Na gaya masa komai, tun daga ranar da ya tafi Misau. Ya zaro su yana shafawa, yana ƙirgawa da yatsa. Na jira faɗa, na ma so ya yi faɗan. Sai ya ajiye su a kan cinyarsa.

"Da kin ce ba kya so, Malama, ai da na haƙura. Ko mu tsaya a Legas, ko in sami wata motar."

"Na ji tsoro, kuma na ji kunyar mutane."

"Har yanzu suna aiki?"

"Wa'adinsu ya ƙare."

Ya jinjina kai. Ya buɗe ɗaya ya kawo daf da fuskarsa, ya juya shi ta nan, ya juya ta can, sannan ya miƙo mini.

"Na wa ne wannan?"

"Na auta ne."

"Hoton ya yi kyau?"

Na ce ya yi, ta ɗan karkata kai, ga giɓin haƙoranta na gaba. Ya yi murmushi kaɗan.

Kwana uku bai yi mini doguwar magana ba, daga gaisuwa sai godiyar abinci. A na huɗu ya ce ya yafe, kuma kada in gaya wa yaran, kada su riƙe ni a zuci. Na yi masa biyayya, har yau ba su sani ba. Suna cewa takarda ce ta hana su ganin teku, in suna faɗa sai in tashi in shiga kicin.

Yanzu ni nake riƙe hannunsa zuwa asibiti duk ƙarshen wata. Mukan hau keke napep daga ƙofar gida, yana tambayata inda muka kai, ina gaya masa.